Sanitaiza ne ke tsaga hannu a hunturu, ko sabulu?

Sista_Ɗakin_Yara:
Assalamu alaikum. Hunturu ya shigo, ƙorafin kowace shekara ya dawo. Bayan hannu ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka, gaɓoɓin yatsu sun tsage, wasu har da jini. Ma'aikata da yawa sun ɗora wa sanitaiza laifi, wai da sun shafa sai ya kama raɗaɗi kamar an zuba barkono, don haka sun koma sabulun ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, suna wanke hannu sau ashirin ko fiye kafin a tashi aiki. Masana, wanne ne ya fi cin fata a cikin biyun? Kuma wanda hannunsa ya riga ya tsage me za a yi masa, tunda ba zai daina taɓa marasa lafiya ba?

LikitanFata_Kano:
Wa alaikumus salam, Sista. Sabulu da ruwa ne suke ɓarnar, sanitaiza kuwa tona asiri kawai yake yi.

Saman fata ginin bulo ne. Matattun ƙwayoyin fata su ne bulon, wani maiƙo da jiki ke yi da kansa shi ne simintin da ke tsakaninsu. Wannan maiƙon ke hana ruwan jiki tserewa, yake kuma hana abin waje shiga. Aikin sabulu shi ne narka maiƙo, kuma bai san bambancin maiƙon miya da na fata ba. Kowane wanki sai ya kwashi wani abu ya tafi da shi rariya. Fata tana iya mayar da abin da aka kwashe, amma tana buƙatar sa'o'i, ba mintuna goma ba. Ga kuma awon pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin abu: fatar mutum tana wajen 5, sabulun sanda yana kai 9 zuwa 10, kuma duk wanki sai ya ɗaga na fata, ta ɗauki lokaci kafin ta sauko.

Alkohol ɗin da ke cikin sanitaiza shi ma yana taɓa maiƙon, amma ba a ɗauraye shi da ruwa, don haka yana bushewa ya bar maiƙon a inda yake. Raɗaɗin da suke ji kuwa, akwai jijiyar jin zafi da ba ta farkawa sai zafi ya kai kusan digiri 42. Itanol, wato irin alkohol ɗin da ake yawan sawa a sanitaiza, yana sauko da wannan mataki zuwa kusan 34, wato ɗumin jikin mutum kansa ya isa ya tashe ta. A lafiyayyar fata ba ya isa wurin jijiyar. In ya isa, to akwai tsaga da ta riga shi zuwa. Mutum ya ji zafi, ya gudu ga sabulu, sabulu ya ƙara tsaga, sanitaiza ya ƙara zafi, haka abin ke ta juyawa har hannu ya lalace.

Famasis_Fagge:
Dakta, na yarda, amma da sharaɗi. Maganarku ta tsaya ne a kan sanitaiza da aka haɗa yadda ya kamata. Wanda ba a sa masa gilisarin ba yana busar da fata sosai, kuma kasuwa cike take da irinsa, an cika masa turare da kala an manta da abin da ke tausasa hannu. Ga haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙa'idojinta na 2009, na lita 10: itanol mai ƙarfin kashi 96, mililita 8333, haidurojin feroksaid mai kashi 3, mililita 417, gilisarin mai kashi 98, mililita 145, sai a cike da tataccen ruwa ko wanda aka tafasa ya huce har ya kai lita 10. Abin da zai fito shi ne itanol kashi 80, gilisarin kashi 1.45. In da aisofurofil, wato ɗaya nau'in alkohol ɗin, mai kashi 99.8 za a yi, mililita 7515 ake zubawa, ya fito kashi 75.

Kurakurai biyu da ake yawan yi. Gilisarin yana da kauri, yana maƙalewa a jikin mazubin awo, in ba a ɗauraye mazubin da ɗan ruwan an juye a ciki ba, adadin da ya shiga bai kai 145 ba. Na biyu, feroksaid ɗin nan ba don hannu aka sa shi ba, don ya kashe ƙwayoyin da ke ɓoye a kwalba ne, shi ya sa ake ajiye kwalaben awa 72 kafin a raba su. Masu ƙara shi da zaton ƙarin ƙarfi, fatar mutane kawai suke ci.

Malam_Lab:
Ƙari kan na Famasis: itanol ya fi aisofurofil sauƙi a fata. In akwai zaɓi wajen saye, a duba jikin roba.

Ungozoma_Damagaram:
Duk na ji, amma a ɗakin haihuwa ba a zaɓe. Hannun da jini ko ruwan haihuwa ya taɓa, sai sabuni da ruwa, alkohol ba ya aiki a kan datti. Abin da za a iya gyarawa shi ne yadda ake wankin. Ruwan ya zama mai sanyi ko ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, don ruwan zafi ya fi kwashe maiƙo, kuma a hunturu shi kowa ke nema. A jiƙa hannu kafin a zuba sabuni. A ɗauraye sosai, musamman tsakanin yatsu da ƙarƙashin zobe, nan kumfa ke kwana ya ci fata. A tsane ruwan da dannawa, ba da gurzawa ba. Kada a sa safar hannu sai hannun ya bushe ƙayau.

Ɗan_Tiyata:
Wannan na ƙarshen da Hajiya Ungozoma ta faɗa a ja masa layi. Jiƙaƙƙen hannu a cikin safar roba na awa biyu, fatar tana jiƙa ta yi laushi ta tattare kamar ta mai wankin kaya, sauran sabulun da bai fita ba kuma yana ta shiga. Haka in an sa safa alkohol bai gama bushewa ba.

Sannan buroshi. Har yanzu akwai inda ake gurzar hannu da buroshi minti goma kafin tiyata. An daina ba da wannan shawarar. Minti 2 zuwa 5 ya isa da sabulun tiyata, ƙarƙashin farce a share shi da tsinken da aka tanada don haka, ba buroshi. Gurza tana yage saman fata, kuma fatar da ta yage ta fi riƙe ƙwayoyin cuta.

Sista_Ɗakin_Yara:
Allah ya saka da alheri. To amma batun sabulu mai magani fa? Hujjarsu ita ce ya fi sabulun gida kashe ƙwayoyin cuta, ko da ya ɗan ci hannu.

Famasis_Fagge:
Sista, ya danganta da abin da ke ciki. Kulohekzidin, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin wasu sabulan asibiti, yana da amfanin da alkohol ba shi da shi: yana manne wa fata ya ci gaba da aiki na sa'o'i. Shi ya sa ake son sa a tiyata. Amma mai kashi 4, irin Hibiscrub, in aka mai da shi sabulun kowane wanki, bushewa da tsagewa sun fi yawa, kuma cin fatar yana ƙaruwa ne da ƙaruwar ƙarfinsa. Mai ayodin, irin Betadine, ya ma fi shi cin fata in an yawaita. Waɗannan na wurare ne na musamman, ba na bakin famfon kowane ɗaki ba.

Na kanti kuwa, masu rubutun kashe ƙwayoyin cuta a jikin kwali: a 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa tiraikulosan da tiraikulokaban da wasu sinadarai 17 a sabulun wanke hannu na gida, saboda kamfanonin sun kasa nuna cewa sun fi sabulu zalla amfani, kuma ba su tabbatar da rashin illarsu ga mai amfani da su kullum ba. Ga wankin yau da kullum, sabulun ruwa mai laushi marar turare ya isa. Daƙiƙa 40 zuwa 60 na wankin da aka yi daidai su ne maganin, ba sunan da ke jikin kwali ba.

Baba_Tsafta_Gusau:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. A lokacin Ebola a 2014 aka saba wa mutane da bokitin ruwan kulorin a ƙofa, kuma har yau duk lokacin da zazzaɓin Lassa ko kwalara ta ɓulla sai bokitan su dawo. Matsalar, ana rikita ƙarfi biyu. Kashi 0.5 na goge ƙasa, gado da kayan da jini ya taɓa ne. Kashi 0.05 shi ne na hannu. In Jik ɗin mai kashi 3.5 ne, kofi 1 a kofi 6 na ruwa ya ba da 0.5. Daga wannan ake ɗibar kofi 1 a zuba a kofi 9 na ruwa, shi ne 0.05. Wanda ya tsaya a matakin farko ya ajiye wa mutane su wanke hannu, ninki goma ya ba su. Kuma ko daidai aka haɗa, na wucin gadi ne inda babu sabulu ko sanitaiza, a canza shi kullum, a kauda shi daga rana.

Malam_Lab:
Haka ne Baba. Irinsa ne zuba Dettol zalla a tafin hannu. Ruwan nan sai an sirka shi, kuma an rubuta a jikin kwalba.

Hajiya_Matron:
Ni ina da ja a kan yadda ake ta wanke sanitaiza tas. Dakta ya ce raɗaɗi alama ce kawai. To mai hannun ba alama yake ji ba, zafi yake ji, kuma in aka ce masa ya daure, abin da zai yi shi ne ya diga ɗigo ɗaya ya murza daƙiƙa biyar ya wuce. Wannan ya fi komawa sabulu haɗari. Ƙa'ida cikin tafi guda ne, wajen mililita 3, a murza daƙiƙa 20 zuwa 30 har ya bushe. Wanda ya bushe kafin a ƙirga 15 bai isa ba. Mai tsaga mai jini ba zai iya wannan ba, kuma bai kamata a tilasta shi ba. A rufe tsagar da filasta marar shan ruwa, in ta yi yawa a ɗauke shi daga taɓa marasa lafiya na 'yan kwanaki. Tsagaggen hannu matattarar ƙwayar cutar sitaf ce, mai sa ciwo ya yi mugunya, ita yake kai wa jarirai.

LikitanFata_Kano:
Hajiya, gaskiyarku, na karɓi gyara. Buɗaɗɗen ciwo daban, bushewa da ƙananan tsagu daban. Na biyun ne nake cewa su dage da alkohol su rage sabulu, raɗaɗin kan ja baya cikin kwanaki in ana shafa mai.

Ga amsar tambaya ta biyu ta Sista. Mai a bayan kowane wanki in zai yiwu, in ba zai yiwu ba, aƙalla kafin fara aiki, lokacin hutu, da bayan tashi. A shafa shi da sauran danshi a hannu, kuma a fara da bayan hannu da tsakanin yatsu, don nan fatar ta fi siriri, nan ciwon ke farawa, ba a tafi ba. Da dare a lafta basilin a sa safar auduga a kwana da ita. In akwai ƙaiƙayi da kumburi, man haidurokotizon mai kashi 1 sau biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu. In bai ji ba a je a ga likita, don fatar tafi tana da kauri, wani lokaci sai mai ƙarfi, kuma shi ba a ɗaukar sa da ka. Ina roƙo a guji mayukan nan na kemis masu haɗin magani uku a tub ɗaya. Suna kwantar da ƙaiƙayi a kwana biyu, in aka daɗe a kansu fatar ta yi siriri ta ƙara saurin tsagewa.

Wani abu da littattafan waje ba sa nuna mana: sun ce a nemi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Abin da za a gani shi ne toka-toka, ko gaɓoɓin yatsu su yi duhu fiye da sauran hannun, fatar ta yi kauri layukanta su fito raɗau. Mai jiran ya ga ja zai makara.

Anti_Kemis_Jos:
Dakta, a yi hattara da basilin da rana. Duk man da aka samo daga fetur, irin basilin, yana raunana safar latas, wato safar roba ta asibiti da aka saba, ta yi saurin yagewa. Man kaɗanya da man kwakwa ma maiƙo ne, ba a sa su a ƙarƙashin latas. Safar naitiril, shuɗiyar nan, ta fi jurewa. Na rana ya zama mai ruwa-ruwa mai saurin shiga fata, masu kauri a bar wa dare.

Famasis_Fagge:
Kuma in ana amfani da kulohekzidin, wasu mayukan shafawa da sabulun gida suna kashe ragowar aikinsa a fata. Asibiti ya zaɓi mai ɗaya wanda ya dace da sabulun da yake saye, ba kowa ya zo da nasa daga gida ba.

Ungozoma_Damagaram:
Man kaɗe na gaske da dare bai gaza basilin ba a wurinmu, kuma ya fi araha. Sai dai a samu wanda ba a gauraya shi da turare ba.

Malam_Lab:
Basilin ya fi shi toshe hanyar tserewar ruwa daga fata, Hajiya. Amma wanda mutum zai yarda ya shafa kullum shi ne mai amfani, ba zan ja ba.

Ɗalibar_Jinya:
Don Allah iyayena a gida, ina da tambaya. Ana koya mana a wanke da sabulu sannan a bi da sanitaiza don ƙarin tabbaci. Daidai ne?

Hajiya_Matron:
A'a 'yata, ɗaya ake yi. Hannu ba datti, sanitaiza. Hannu da datti, ko an fito banɗaki, ko an taɓa mai gudawa, sabulu da ruwa, don akwai ƙwayoyin gudawa da alkohol ba ya kashewa yadda ya kamata. Haɗa biyun a jere shi ne gajeriyar hanyar ɓata fata: sabulu ya buɗe ta, alkohol ya shiga, kuma ruwan da ya rage a hannu yana sirka alkohol ɗin ya rage masa ƙarfi. In kin shafa sau biyar zuwa goma kin ji hannu ya fara danƙo, wannan gilisarin ne ya taru, sai ki wanke sau ɗaya ki ci gaba.

Ɗan_Tiyata:
Danƙon nan shi ne babban ƙorafi in zafi ya dawo, hannu na gumi. Kuma an gano kashi 1.45 na gilisarin yana rage wa haɗin ƙarfi a shirin tiyata, shi ya sa haɗin da aka gyara don tiyata ya sauko da shi zuwa 0.725. A ganina ya kamata masu haɗawa su riƙa yin iri biyu, na hunturu da na bazara.

Famasis_Fagge:
Ban goyi bayan kowa ya riƙa taɓa haɗin da hannunsa ba, Yallaɓai. Inda babu ma'aunin alkohol ma da za a tsoma a gani ko ya kai tsakanin 75 da 85, in aka buɗe ƙofar canje-canje ba a san inda za a tsaya ba. A fara da rufe robobi. A zafin Afrilu, robar da aka bari a buɗe a kan taga alkohol ɗinta ke tafiya, ruwa da gilisarin su rage, sai ka ji ta ƙara laushi a hannu ka ɗauka ta gyaru.

Alaramma_Nas:
Akwai abin da ba a sa a lissafi ba: alwala sau biyar, ga wanke-wanke da wanki da omo a gida. Ma'aikaciyar da ta wanke hannu sau ashirin a asibiti ta koma gida ta tsoma shi a ruwan omo, ba sanitaiza ne ya tsaga ta ba. Safar roba mai kauri ta wanke-wanke tana da arha, in da ta auduga a ciki ya fi. Alwala ba ta buƙatar sabulu, amma a tsane hannu bayanta a shafa mai, kada a bar iskar hunturu ta busar da shi. Basilin mai kauri a bar shi sai bayan isha'i, a wanke shi kafin alwalar asuba don ruwa ya taɓa fata. Sabulun salo kuma, duk da ana ganin na gargajiya ne, da toka ake yin sa, yana da kaifi.

LikitanFata_Kano:
Tunda an taɓo gida, a bambanta ciwo biyu. Mafi yawan abin da Sista ta kwatanta cin sabulu ne da ruwa, yana zuwa a hankali, bushewa da zafi sun fi ƙaiƙayi. Na biyun shi ne jiki ya ƙi wani sinadari: ƙaiƙayi mai tsanani, ƙananan ƙuraje masu ruwa, yana tashi kwana ɗaya zuwa uku bayan an taɓa abin, wani lokaci ya haura wuyan hannu daidai inda bakin safa ya tsaya. Masu jawo shi su ne turare, sinadaran hana sabulu lalacewa, sinadaran da ake sarrafa robar safa da su, da baƙin lalle na dayis. Alkohol kansa da wuya ya jawo shi. Wannan ciwon shafa mai ba ya warkar da shi, sai an gano abin ta gwajin manna sinadarai a gadon baya, ana cirewa bayan awa 48 a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma na uku da ba ya jira: in mutum ya taɓa latas ko kulohekzidin cikin mintuna jiki ya yi borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya fara sarƙewa, wannan na gaggawa ne.

Baba_Tsafta_Gusau:
A ƙara da cika roba a kan ragowar tsohon sabulu. Sabulun ruwa da ake ta ƙara wa sabo, ko a sirka shi da ruwan famfo don ya daɗe, ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a cikinsa. A bari ya ƙare, a wanke robar, ta bushe, sannan a cika. Tawul ɗaya da ke rataye tun safe kowa na gogawa shi ma a sauke shi.

Anti_Kemis_Jos:
Wajen saye kuma a duba lambar NAFDAC da adadin alkohol, kada ya gaza kashi 60. A 2020 an kama sanitaiza masu metanol a kasuwannin Amurka, guba ne mai makantarwa. Wanda bai rubuta irin alkohol ɗin da ke ciki ba a bar shi a kanta. Masu rubutun babu alkohol kuma yawanci benzalkoniyom ne a ciki, ya fi rauni a kan ƙwayoyin cuta kuma shi ma yana cin fatar wasu.

Sista_Ɗakin_Yara:
Na kwashe duka. Zan kai shawarar a cire sabulun kulohekzidin mai kashi 4 daga bakin famfunan ɗakunan kwanciya, a ajiye man shafawa kusa da kowane famfo. Sai dai maganar Hajiya Matron ta tsaya min: a ɗauke mai tsagaggen hannu daga aiki. Ɗakin da nas biyu ke riƙe da gado talatin da dare, wa za a ɗauke?

Hajiya_Matron:
In ba a iya ɗauke ta ba, a juya aikin. Ita ta riƙe rubutu da lissafin magani, abokiyar aikinta ta yi sa allurar ruwa da wankin ciwo. Filasta a kan kowace tsaga, safar naitiril marar hoda, a cire ta da zarar an gama da marar lafiya ɗaya, kada ta yini a hannu.

Ɗan_Tiyata:
Filasta a gaɓar yatsa ba ta kai awa ɗaya in ana shafa alkohol a kanta, gam ɗin narkewa yake. Anti Kemis, akwai wadda ta fi riƙo a cikin waɗanda ake samu a nan?

Anti_Kemis_Jos:
Mai kama da leda, wadda ake rufe bakin allurar ruwa da ita. A yanka ta siriri a naɗe yatsan, fatar ta bushe sarai kafin a manna, kada a shafa mai a wurin tukuna. In gefenta ya fara ɗagawa a canza, don ruwan da ya shiga ƙarƙashi ya fi rashin filastar illa.